Kututturen da ke gonarka ba matacce ba ne

Jama'ar Maraɗi, musamman iyayenmu manoma, lokacin sharar gona ya gabato, shi ya sa nake roƙon ku saurare ni kafin a wasa gatari.

Dogon yaro, wanda muke kira bedi, baƙo ne a ƙasarmu, daga Indiya aka kawo shi. Ya yi mana rana, domin babu unguwar da ba a hutawa a inuwarsa. Amma ku dubi geron da ke ƙarƙashinsa a gona, sannan ku dubi na gindin gawo. Gawo ɗan ƙasa ne, ya san halinmu: da damina ta sauka sai ya kakkaɓe ganyensa, rana ta isa ga shuka, ganyen ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore shar, ya zubo wa awaki 'ya'ya a lokacin da ciyawa ta ƙare. Ni dai ban ga baƙon icen da ya iya wannan ba.

A nan Maraɗi ne, a 1983, wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da muke sarewa kowace shekara daga tsofaffin kututture yake fitowa, saiwoyinsu na nan da rai a ƙasa. Kafin nan an sha wahalar dashen baƙin itatuwa, akasarinsu suna mutuwa. Daga nan sassaben zamani, wato rainon tohon kututture maimakon sare shi, ya bazu, har aka ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram.

Aikin ba wuya. In ka tarar da kututturen kalgo, sabara, magarya ko aduwa ya yi toho, zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi ka bari, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Abin da ka datse ya zama makamashin uwargida.

Wani abin da ke damuna shi ne garmani, yadda ya cinye burtali da makiyaya, alhali dabbobi ba su damu da shi ba. A tuge shi tun bai yi iri ba, a watsa kyasuwa ko gamba a gurbinsa. Wannan aikin gayya ne, sai mai gari ya tara manoma da makiyaya an sa rana.