Babu allura guda da ke wanke jini

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa an daɗe ana cewa idan ciwo ya "shiga jini", akwai wata allura mai tsada da ke wanke shi tas. Masu faɗin haka tsoron rasa nasu ne ke sa su neman ta.

Wannan "shiga jini", wanda likitoci ke kira sefsis, yana faruwa ne idan ƙwayar cuta ta shiga jiki ta miki, huhu, mafitsara ko bayan haihuwa, sai garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen faɗa da ita har ta taɓa ƙoda da zuciya. An ƙiyasta ya kashe mutum miliyan 11 a duniya a 2017.

Masana ma sun nemi irin wannan allura. A shekarun 1990 an gwada sinadaran garkuwa da aka haɗa a ɗakin bincike don su kama gubar ƙwayoyin cuta ko su rage kumburi. Ba su rage mace-mace yadda aka yi fata ba, har aka janye ɗaya daga kasuwa a 1993.

Abin da ke ceton rai shi ne hanzarta zuwa asibiti, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙarin ruwa da iskar oksijin, a fitar da mugunya in akwai. Idan numfashi ya yi sama-sama, hankali ya rikice, fitsari ya ragu, jariri ya ƙi nono, ko mai jego ta kama zazzaɓi, kada a jira gari ya waye.

Duk wanda ya tallata muku allurar wanke jini, ku tambayi sunanta, ku nuna kwalbar ga likita kafin a yi wa kowa. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa wannan bayani.