Ƙaramar tirelarka tana ƙara? Karanta wannan kafin ka sake kirana

Ina aikin ƙasan mota da walda a Sabon Garin Zariya. Tun da aka fara shigo da ƙananan tirelolin nan da ake ɗaurawa a bayan mota, masu ɗan ɗakin kwana da waɗanda aka fige wa ɗakin aka mai da su na kaya, ba na yin mako ban amsa tambaya ɗaya sau biyar ba. Masu kwana a gona lokacin girbi, masu awon filaye, masu hayar kujeru da rumfunan biki, har da 'yan tsirarun da ke kwasar iyali zuwa Yankari, duk bakinsu ɗaya. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta tambayoyinsu da amsoshina a nan.

Oga, tirelata tana ƙara. Me ya lalace?

Wannan ba tambaya ba ce. Yaushe take ƙarar? Da tashi, da birki, a kwana, a kan rami, ko kuwa tana ƙaruwa in ka ƙara wuta? Kawo min amsar wannan, rabin aikin ya ƙare.

Ƙwal-ƙwal nake ji tun daga gida har inda za ni.

Sauke komai. Tukwane, tukunyar gas, jak, sifana, sandunan rumfa, ka ɗaure ƙofofin kabad ɗin ciki, sannan ka zagaya da ita wayam. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa. An taɓa kawo min wata daga Samaru, mai ita ya rantse aksil ne ya karye, ashe murfin tukunya ne ke rawa a ƙarƙashin gado.

Sarƙa tana jan ƙasa, in cire ta?

Kada ka kuskura. Ita ce za ta riƙe tirelar ranar da ta kuɓuce daga mota. Ka gicciya sarƙoƙin biyu a ƙarƙashin wuyan tirelar, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, yadda in wuyan ya faɗo zai sauka a kansu, ba zai caki kwalta ba. In sun yi tsawo ka rage zobe, amma ka bar musu sakin da zai isa shan kwana.

Akwai wani gurnani ƙasa-ƙasa, guuu, amma bai dame ni ba.

Ya kamata ya dame ka, Alhaji, fiye da duk sauran. Abin da ke ba ni haushi ke nan: mutum zai zo da gudu saboda ƙwal-ƙwal ɗin da ba ya kashe kowa, amma gurnanin boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, sai ya ƙara sautin rediyo ya danne shi. Gurnanin da ke tashi da gudu, ya sauka in ka sassauta, boris ɗin taya ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Tayar tirela ƙarama ce, inci 12 ko 13, saboda haka tana juyawa fiye da tayar motar da ke jan ta a tafiya ɗaya, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina da take kwana a ciki a bayan gida wata da watanni.

Gwajin ba shi da wuya. Ka yi tafiyar kilomita 15 ko 20, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ko ba ta taɓuwa, tafiya ta ƙare. A gida kuma ka ɗaga ta da jak, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, sannan ka juya ta kana saurare. In tana kaɗawa ko tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, a buɗe. In irin boris ɗin da ake wankewa ne, a wanke shi da kananzir, a duba, a cusa sabon giris, a sa sabon sil, wato zoben da ke tare giris. Notin tsakiya irin mai fin ba a ɗaure shi tamau kamar notin taya: ana matsawa ana juya tayar, sannan a ɗan sassauta, a sa sabon fin. Na ce sabon fin, ba ƙusar kafinta ba. Sau ɗaya a shekara ake wannan aiki, ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Boris in ya ƙone a hanyar Kaduna, ba ƙara kawai zai yi ba, tayar ce za ta wuce ka tana gudu ita kaɗai.

In sa yaro a ciki ya saurara min inda ƙarar take?

A'a. Ba a ɗaukar mutum a tirela tana tafiya. Ya tsaya a gefe a fili, kai kuma ka ja a hankali.

Duk lokacin da na tashi ko na taka birki sai in ji gwaf a baya, kamar an daki motar. Mene ne?

To, wannan ita ce mai wuyar, kuma ba zan ba ka amsa ɗaya ba, domin abu huɗu ko biyar suna yin wannan ƙarar iri ɗaya, wani lokacin ma biyu ne suka haɗu. Wani ba shi da haɗari ko kaɗan, wani kuma kisa ne. Bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake.

Fara da ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota da kofin tirela da ke hawa kansa. Mu nan kayanmu haɗe-haɗe ne: mota ta fito daga Amurka, tirela ta biyo ta Kwatano daga Turai. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka da aka fi gani inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai kuma ƙaraminsa mai inci 1 7/8, wato milimita 47.6. A ido duk ɗaya suke. In kofin inci 2 ya hau ƙwallon milimita 50, akwai ɗan wasa a tsakani, zai iya yin gwaf. In kuwa ƙaramin ƙwallon nan ne a ƙarƙashin kofin 50 ko na inci 2, wannan ba maganar ƙara ake ba, rami ɗaya mai kyau zai iya raba su. Yawanci ana buga girman a saman ƙwallon da jikin kofin. Goge dattin ka karanta. In rubutun ya shafe, a auna. Ƙwallon milimita 50 da ya cinye ya koma ƙasa da 49 ya gama aiki. Sannan ka kulle kofin, ka murɗa 'yar tayar gaban tirelar har ta fara ɗaga bayan motar. In kofin ya fice, ka gode wa Allah a tsakar gida ya fice.

In nan lafiya, duba ƙasan ƙwallon. Wasu da noti ake ɗaure su, notin kan saki. Motocin Amurka kuma suna da wani bututu mai kusurwa huɗu da ake zura ƙarfen ƙwallon a ciki a tare shi da fin. Wannan kusan kullum yana da ɗan wasa, haka aka yi shi, kuma in shi ne mai ƙarar, hankalinka ya kwanta. Akwai maƙalin da ke matse shi, mai walda ma zai iya haɗa maka da ƙarfe da noti biyu. Amma fa ka leƙa ramin fin ɗin. In ya buɗe ya zama kamar ƙwai, maƙali ba zai warkar da shi ba. Ka kuma shiga ƙarƙashin motar ka duba inda aka ɗaure ƙarfen jan gaba ɗaya da shasi. Na sha ganin wanda aka liƙa wa bamba da walda kawai, kuma ba na son in sake gani.

Na uku ya shafi tirelolin Turai masu birkin kansu, waɗanda nauyinsu da kaya ya haura kilo 750. Wuyansu yana shiga yana fita: in ka taka birki, tirelar ta turo motar, wuyan ya shige ciki ya ja birkin tayoyinta. A cikin wuyan akwai ɗan ƙaramin shokozoba da ke hana shi shigewa da ƙarfi. In ya mutu, kowane birki gwaf, kowane tashi gwaf. Kwance tirelar, ka ja birkin hannunta, ka tura kan da ƙarfinka. Ya kamata ya yi maka gardama, ya kuma dawo a hankali. In ya shige salin-alin, ya mutu. Sai dai ko a nan ba zan rantse maka ba, domin in birkin tayoyin ya cinye ba a daidaita shi ba, wuyan zai yi tafiya mai nisa kafin ya kama, ƙarar kuma iri ɗaya ce. A daidaita birkin tukuna, ya fi araha. Kada kuma wani ya ce zai walde wuyan ya daina motsi. Ƙarar za ta tafi, birkin ma ya tafi da ita.

Na ƙarshe shi ne lodi, kuma na ajiye shi ƙarshe ne don mutane ba sa son jin cewa laifinsu ne. In ka jibge kaya a bayan taya, wuyan ya yi sakayau, kofin zai riƙa tsalle a kan ƙwallo. Kusan kashi 60 cikin 100 na kaya gaban aksil ya kamata su zauna. Nauyin da ya dace ya danne ƙwallo kuwa, a nan ma baki bai zo ɗaya ba: a Amurka suna cewa kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirelar, a Ingila kashi 5 zuwa 7, saboda ginin tirelolinsu ya bambanta. Tirela mai kilo 600 ke nan, ko kilo 30 zuwa 42, ko 60 zuwa 90, gwargwadon inda aka ƙera ta, kuma kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin ƙarfen jan motarka. Ari sikelin masu hatsi, ka kafa katako a kai daidai tsayin ƙwallo, ka ɗora kofin tirelar, ka auna. In duk ka bi waɗannan gwaf ɗin bai tafi ba, mai yiwuwa notocin da ke riƙe aksil da sifirin ne suka saki, sai a shiga ƙasa.

In shafa wa ƙwallon giris?

In kofin talaka ne, ƙarfe kan ƙarfe, shafa kaɗan. In irin na kamfanin AL-KO ne mai babban hannu da 'yan faya-fayan matsi a ciki don hana lilo, ko ɗigo kada ya taɓa shi. Wannan busasshen ƙwallo yake so, ba fenti ba giris. In yana kuka a kwana, goge ƙwallon da samfefa mai laushi.

Na naɗe wurin da ke ƙarar da tsohuwar roba, ƙarar ta daina.

Ba ta daina ba, Malam, kai ne ka daina ji.

Tana ƙiii-ƙiii a kan tudun rage gudu da hanyar gona.

Kwantar da hankalinka. Sifirin ne da bushin ɗinsa suka bushe, ƙura ta shiga. A wanke, a sa mai, in bushin ya cinye a canza, ba tsada. Ka dai duba ko wani ganyen sifirin ya tsage, ka kuma duba cikin madigadi ko taya tana gogarsa in an yi lodi.

Ɗif-ɗif-ɗif a jere, kamar ana buga ganga.

Taya ce. Ko ta yi ƙari, ko ta daɗe a tsaye wuri ɗaya ta baje. Tayar tirela tsufa ke kashe ta, zanenta yana nan kamar sabo. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In ta haura shekara shida ga tsaga a jiki, mai faci ba shi da abin yi mata. Bayan an canza, ka sake matse notocin in ka yi kilomita 50.

Ba ƙara take ba, lilo take in babbar mota ta wuce ni a hanyar Funtuwa.

Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari sak, kada ka danna birki da ƙarfi. In ta nutsu ka sauka gefe ka matso da kaya gaba, ka duba iskar taya. Kuma ka rage gudu, ba tsere aka sa ka ba.

In kawo maka ita ka duba?

Kawo, amma da motar da ke jan ta, da kayan da ka saba lodawa. Kada ka turo min tirela ita kaɗai a bayan motar maƙwabci, sannan ka ce in nemo ƙarar da ka ji a taka.