Jin terafi na kurumta: me ake nufi da shi, kuma wa zai yi wa amfani?

Tun farkon 2024 ake ta yawo da labarin wai an samo maganin kurumta a Sin, allura ɗaya yaro ya fara ji. Labarin gaskiya ne, amma yadda ake watsa shi sai ka ɗauka duk wani kurma ko bebe da ke unguwarku za a kai shi asibiti ya dawo yana hira. Ba haka abin yake ba. Sunan maganin jin terafi, wato gyaran ƙwayar halittar gado: idan an haifi mutum da wata ƙwayar gado da ta samu matsala, sai a saka masa lafiyayyiyar kwafinta a inda ake buƙata, jiki ya ci gaba da aiki da ita.

To amma sai ka san yadda kunne ke aiki tukunna. Sauti ya shiga ya kaɗa tantanin kunne, tantanin ya kaɗa wasu ƴan ƙasusuwa guda 3, su kuma su tura motsin cikin wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi da ake kira kokiliya, cike yake da ruwa. A ciki akwai ƙwayoyi masu ɗan gashi-gashi a kansu, kusan 15,000 a kowane kunne, amma na layin ciki kusan 3,500 su ne ainihin masu kai saƙo ga jijiya, sauran, na layin waje, ƙara wa sautin ƙarfi kawai suke yi. Ruwa ya motsa, gashin ya lanƙwashe, ƙwayar ta saki sinadari ga jijiyar ji, ƙwaƙwalwa ta ce an yi sallama. Wannan sakin sinadarin kuwa ba ya yiwuwa sai da wani furotin mai suna otofalin, ƙwayar gadon da ke yin sa ita ce OTOF, masu bincike a cibiyar Pasteur ta Faransa ne suka gano alaƙarta da kurumta a 1999.

Yaron da OTOF ɗinsa ta lalace komai nasa lafiya lau, ƙwayoyin masu gashi na nan, jijiyar na nan, kamar waya ce mai cikakken caji amma babu sabis. Shi ya sa ma wasu jariran suke tsallake gwajin farko da ake yi bayan haihuwa, don gwajin ƙwayoyin layin waje yake dubawa kuma su suna aiki, sai daga baya uwa ta lura ana buga ƙofa yaro ko waiwayowa ba ya yi.

Abin da likitocin asibitin ido da kunne na jami'ar Fudan da ke Shanghai suka yi, tare da abokan aikinsu na Boston, shi ne suka ɗura lafiyayyiyar OTOF cikin wani bairos mara cutarwa, suka yi aiki suka zuba shi cikin kokiliya. Wani abin burgewa, ƙwayar OTOF ta fi ƙarfin cikin bairos ɗin don girma, dole aka raba ta biyu, kowane rabi da nasa bairos, sai sun shiga ciki su haɗe. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a Janairun 2024, yara 6 aka yi wa, 5 suka fara ji. A Filadelfiya ta Amurka ma an yi wa wani yaro ɗan shekara 11 haifaffen Maroko a Oktoban 2023, ya ji, sai dai likitoci sun faɗa tun lokacin cewa koyon magana zai yi masa wuya sosai, saboda ƙwaƙwalwa a shekarun farko take kama harshe.

Yanzu ga inda nake so mutanenmu su tsaya. Matsalar OTOF ƴar kaɗan ce, ƙiyasi bai wuce kashi 1 zuwa 8 cikin 100 na kurumtar gado da ake haihuwar yara da ita ba. Mu kuma abin da ya fi kurumtar da yara a wajenmu sananne ne, sanƙarau da ƙyanda, da zazzaɓin Lassa wanda kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka warke yake taɓa musu ji, da allurai irin su jentamaisin da ake dirka wa yara a kemis ba awo ba lissafi, ga ƙarar injin niƙa da janareta da sifikun biki da ake ajiye yara a gabansu har dare. Waɗannan galibi kashe ƙwayoyin nan masu gashi suke yi, kuma a jikin ɗan Adam in sun mutu ba sa sake tsirowa. To me za ka gyara a ƙwayar da babu ita?

Tsuntsaye dai nasu na tsirowa, an tabbatar da haka tun ƙarshen shekarun 1980, kuma tun lokacin ake fafutukar gano yadda za a sa namu su yi hakan. Wani kamfanin Amurka ya gwada maganinsa FX-322 a kan mutane, a 2023 ya fito ya ce bai yi aiki ba. Don haka duk mai tallan ɗigon kunne ko kafso a Facebook wai yana farfaɗo da jijiyar ji, kuɗinka kawai yake so.

Wanda ƙwayoyinsa suka mutu, abin da ke akwai shi ne na'urar ƙara ji in da saura, ko dashen kokiliya, wanda ke tsallake ƙwayoyin ya taɓa jijiya kai tsaye da lantarki. Shi ma yana da lokaci, musamman bayan sanƙarau, don cikin kokiliya kan fara rikiɗewa ya zama ƙashi cikin makonni ko ƴan watanni, in ya toshe saka wayar dashen ya zama aiki. Yaron da ya tashi daga sanƙarau a kai shi gwajin ji da an sallamo shi, kar a jira sai an ga ya daina amsa kira.