Hedbo, Hedgel da Firifet: Amsoshin Tambayoyin da Iyaye Ba Su Gajiya da Yi Mini

Duk shekara idan zango na uku ya kama, 'yan SS3 suka shiga hidimar WAEC, muka fara shirin miƙa ragamar ɗalibai ga 'yan SS2, wayata ba ta hutawa. Ni malami ne a wata makarantar kwana a nan Katsina, kuma na daɗe a kwamitin da ke tace sunayen shugabannin ɗalibai, wato hedbo, hedgel da sauran firifet. Tambayoyin iyaye guda ne kullum, bakunan da ke yin su ne ke canjawa. Na tara su a nan, duk wanda ya sake kirana sai in tura masa ya karanta.

Wa ke zaɓen hedbo?

Malamai. Fom masta da masu kula da ɗakunan kwana su kawo sunaye, kwamiti ya tace ya gana da yaran, firinsifal ya sa hannu. Akwai makarantun da ke barin ɗalibai su kaɗa ƙuri'a, amma ko a can sai malamai sun tantance 'yan takara.

Ana biyan su wani abu, ko ana ƙara masu maki?

A'a. Ba sisi, ba maki ko ɗaya.

Ɗana ke zuwa na ɗaya tun JSS1. Me ya sa aka tsallake shi?

Alhaji, na ɗaya yana da kyautarsa ranar rabon kyaututtuka, kuma za a kira sunansa a gaban kowa. Riƙon yara ɗaruruwa wani aiki ne daban. Muna duba maki, don ba za mu ɗora yaron da ke faɗuwa jarrabawa a kan 'yan'uwansa ba, amma da zarar yaro ya tsaya da ƙafarsa a karatu sai mu koma kallon hali.

Ni a dainin, wato ɗakin cin abinci, nake gane yaro. In tsaya bakin ƙofa ranar shinkafa da wake, ranar da kowa ke rububi. Akwai siniyan da zai fara kwashe saman tukunya ya cika kwanonsa da na abokansa, sannan ya tura sauran ga ƙanana. Akwai kuma wanda na taɓa gani ya lura da wani ɗan JSS1 tsaye a jikin bango, hannu ba kwano, an sace masa, kunya ta hana shi magana. Siniyan nan bai yi shela ba. Ya zuba abinci a murfin kwanonsa ya miƙa wa yaron, ya ce ya zauna nan kusa da shi. A ajinsu, na bakwai yake zuwa ko na takwas. Shi muka ba hedbo a shekarar, kuma ban taɓa nadama ba.

Ai marigayi Buhari ma hedbo ne. Ba alamar wanda zai zama wani abu ba ce?

Gaskiya ne, Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya yi Sakandaren Lardi ta Katsina daga 1956 zuwa 1961, wadda yanzu ake kira Kwalejin Gwamnati ta Katsina, ya riƙe kaftin ɗin gida, ya kuma yi hedbo. To amma ajinsu ɗaya da Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zama mutum na biyu a mulkin ƙasar nan a 1976, tun kafin Buhari ya hau a ƙarshen 1983. Hedbo guda ake yi a shekara, aji kuwa cike yake da yaran da Allah ya rubuta wa nasu rabon.

Tunda an ɗauko tarihi, a ɗauko shi duka. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda daga baya ta koma Kaduna, ta koma Zariya ta zama Barewa, don horar da malamai aka gina ta. Sardauna Ahmadu Bello da ya gama a 1931, aji ya koma ya riƙe alli a Midil ta Sakkwato. Tafawa Ɓalewa da ya gama a 1933, Midil ta Bauchi ya koma koyarwa. Da hidimar 'ya'yan mutane suka fara. Wannan ɓangaren nake so a riƙa ba yara labarinsa.

An yarda firifet ya yi bulala?

A wurinmu ba a yarda ba. Aikinsa ya rubuta suna ya kawo wa malami, ko ya sa shara ko tsintar takardu.

Kuma bari in yi magana da iyayen da ke jin daɗi idan an ce masu "ai ɗanka kowa tsoronsa yake ji a makaranta". Haba Alhaji! Wannan abin kunya ne. Yaron da ke sa ɗan shekara 11 tsallen kwaɗo a rana tsaka, ko ya tashe shi cikin dare ya yi masa wanki, ko ya karɓe masa garin kwaki da sukarin da uwarsa ta ƙulla masa, zalunci yake koyo, kuma da shi zai fita duniya. Na ji uzurin sau ba adadi: "mu ma haka aka yi mana." To shi ya sa ya kamata ya tsaya a kanku. Duk firifet ɗin da na kama da wayar wuta ko bel a hannu, a gaban asambuli nake karɓe bajinsa, ko ɗan wane ne.

Tunda aka ba ɗana muƙami karatunsa ya ja baya, ga WAEC na tafe. In sa shi ya ajiye?

Wannan ce tambayar da ba na amsawa a tsaye, don ba amsa ɗaya ce ta dace da kowane yaro ba.

Da farko a tabbatar muƙamin ne ya ja shi baya. Sau da yawa ba shi ba ne. Karatun SS3 ya fi na SS2 nauyi, ana bitar shekara uku a lokaci guda, kuma akwai yaran da ke sauka a zangon farko ko suna da baji ko ba su da shi. Ku zo makaranta da kanku, kada ku tsaya a waya. Ku nemi fom masta ya buɗe maku makin gwaji darasi-darasi. Idan Turanci da Lissafi ne suka faɗi, maganar ta yi girma, domin ba jami'ar da za ta dube shi ba tare da kiredit biyar ba, ciki har da Turanci, a yawancin kwasa-kwasai kuma har da Lissafi, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa ce a nan gida, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma. Idan kuwa darasi ɗaya ne na gefe ya ɗan sauka, ni ba zan tayar da hankali ba.

Na biyu, wane muƙami ne? Ba duka ke cin lokaci daidai ba. Mai kula da laburare kusan riba ma yake ci. Taimkifa yana fita kafin a tashi kowane darasi don kaɗa ƙararrawa, 'yan mintunan nan kuwa idan aka tara su a zango suna da yawa. Mai kula da abinci yana kicin lokacin da 'yan ajinsa ke bita. Mai kula da lafiya shi ke raka marar lafiya kilinik cikin dare. Hedbo kuwa kowane malami shi yake aika. Na sha ganin an fizgo yaro daga tsakiyar darasin Kimiyya don ya jera kujerun taro, kuma wannan laifinmu ne mu malamai, ba na yaron ba. Idan haka ne, maganin yana ofishin firinsifal: a roƙa a daina fitar da shi lokacin darasi da lokacin firef, wato karatun dare, a raba aikin da mataimakinsa. Galibi wannan kaɗai ya isa.

Na uku, shi yaron me ya ce? Ku tambaye shi ku kaɗai, ba a gaban malamai ba. Wani zai ce maku ya gaji, barci ba ya isarsa, yana jin kunyar faɗa ne kawai. Irin wannan a taimake shi ya sauka da mutuncinsa, a ce ya nemi sauƙi don jarrabawa, kada a bari a ɗauka tsige shi aka yi. Wani kuma muƙamin ne ya sa ya fara ganin kansa da daraja, ya daina makara, ya daina bin 'yan tsallake katanga. Idan aka ƙwace masa da ƙarfi yana iya karyewa gaba ɗaya, a rasa muƙamin a rasa karatun.

A duba kalanda kuma. JAMB kan zo wajen Afrilu, WAEC ta biyo a Mayu da Yuni, NECO ta rufa baya, kuma makarantu da yawa suna karɓar ragama daga 'yan SS3 kafin nan. Idan 'yan makonni suka rage, ya daure ya ƙarasa. Idan zango biyu ne cur a gaba, aka gwada rage masa aiki wata guda ba a ga canji ba, to ni dai shawarata ya ajiye. Ina iya yin kuskure a kan wani yaron, shi ya sa nake cewa a zo a zauna.

Muƙamin zai taimaka masa wajen samun gurbi a jami'a?

A'a. Makin JAMB da kiredit ake dubawa. Za a rubuta shi a takardar shaidar hali, shi ke nan.

'Yata aka ba hedgel. Ba za ta yi rawar kai ba?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Yarinyar da malamai mata suka zauna da ita shekara biyar suka ce ita ce, sun ga kamun kanta ne. A wannan aikin take koyon magana a gaban taro ba tare da muryarta ta yi rawa ba, ta koyi raba faɗa, ta koyi rarrashin ƙaramar da ke kukan gida. Gobe ita ce nas ko likitar da ke kanki za ki ce ke mace kike so ta duba ki. Ki sa mata albarka kawai.

Idan abokin firifet ya yi laifi, ya kai shi ko ya rufa masa asiri?

Ƙaramin laifi, kamar makara ko rashin sa takalmin makaranta, ya ja shi gefe ya gargaɗe shi, kamar yadda zai yi wa wanda ba abokinsa ba. Amma ƙwaya, wuƙa, fita cikin dare, taɓa ƙananan yara, waɗannan ba a rufe su. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300, ba wanda zai ce mini sanin wanda ke ciki da wanda ke waje da dare ƙaramin abu ne. Ya zo ya faɗa mini a asirce, ba zan ambaci sunansa ba.

Malam, a taimaka a sa sunan yarona mana.

Don Allah a daina. A daina turo mini manya, a daina aiko da buhun masara. Yara sun fi mu sanin wanda ya cancanta, kuma ranar da suka gane da hanya aka shigo, ba mai sake jin maganarsa. Kun jefa ɗanku cikin shekara guda ta raini da hannunku.

To an ba shi. Me zan saya masa?

Agogon hannu mai arha, tocila, ƙaramin littafi da biro. Ban da waya. Idan kun zo ranar ziyara, bayan kun gama da shi, ku tsayar da ɗan JSS1 guda ɗaya daga ɗakinsu ku tambaye shi yadda ɗanku yake riƙe su.