Dokar Tace Intanet a Ɗakunan Karatu na Amurka: Abin da Ta Wajabta da Abin da Ta Bar wa Ma'aikata

A ranar 21 ga Disamban 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara a Intanet, wadda aka fi sani da CIPA, kuma har yau ita ce ke tsara yadda yawancin makarantu da ɗakunan karatu na jama'a a Amurka suke buɗe wa mutane intanet. Da yawa suna ɗauka dokar ta tilasta wa kowane ɗakin karatu toshe shafukan batsa, amma a haƙiƙa sharaɗi ce da aka ɗaura wa kuɗi: duk ɗakin karatun da ke son tallafin gwamnatin tarayya na intanet sai ya sa manhajar tacewa a kwamfutocinsa, wanda kuma ya haƙura da tallafin babu ruwan dokar da shi.

Akwai dalilin da ya sa Majalisar Dokoki ta biyo ta wannan hanya. Sau biyu ta yi yunƙurin hana yaɗa batsa a intanet kai tsaye, kuma sau biyu kotu tana taka mata birki saboda 'yancin faɗin albarkacin baki da kundin tsarin mulki ya tanada: Kotun Ƙoli ta soke muhimman sassan dokar 1996 a shekarar 1997, ita kuwa ta 1998 an dakatar da ita tun kafin ta fara aiki. A 1998 ɗin ma wata kotun tarayya ta hana ɗakunan karatu na gundumar Loudoun da ke jihar Virginia tace intanet ga kowa da kowa. Da 'yan majalisa suka ga haka, sai suka koma kan aljihu, domin sun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Babban tallafin da ake magana shi ne shirin E-rate, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Tarayya, kuma yana ba da rangwamen kashi 20 zuwa 90 cikin ɗari a kan kuɗin intanet. Ana auna rangwamen da talaucin yanki, ta hanyar duba yawan 'yan makarantar da suka cancanci abincin rana kyauta ko mai rahusa, da kuma kasancewar wurin birni ne ko karkara. A ganina nan ne zancen zaɓi ya yi rauni, domin birni mai arziki kamar San Francisco ya iya juya wa kuɗin baya, amma ɗakin karatun ƙauyen da ake biya wa kaso mafi tsoka na kuɗin intanet ba shi da wannan sukuni, kuma masu zuwa wurinsa su ne waɗanda ba su da intanet a gida.

Abin da dokar ta ce a toshe bai kai faɗin yadda ake zato ba. Hotuna da bidiyo kawai ta ambata, ba ta haɗa da rubutu ba, kuma iri uku ne: batsar da shari'a ta riga ta haramta, da hotunan lalata da yara, da hotunan da ke cutar da ƙananan yara. Iri biyun farko ana toshe su ga kowa, na ukun kuwa sai lokacin da yaro ke amfani da kwamfutar, kuma yaro a wannan doka shi ne wanda bai kai shekara 17 ba. Sharaɗin ya shafi kowace kwamfuta ta ɗakin karatun da ke haɗe da intanet, har da waɗanda ma'aikata ke aiki da su a ofis.

Bayan manhajar, dole ne ɗakin karatu ya rubuta ƙa'idar tsaro a intanet wadda ta taɓo lafiyar yara a imel da dandalin hira, da kutse cikin na'urorin wasu, da fallasa bayanan yara ba tare da izini ba, sannan ya sanar da jama'a ya kuma yi aƙalla zama ɗaya a bainar jama'a kafin ya amince da ita. Tantance abin da bai dace da yara ba an bar shi a hannun hukumar wurin, an kuma hana hukumomin tarayya gindaya mata ma'auni. Dokar ta faɗi ƙarara cewa ba ta buƙatar a bi sawun shafukan da wani mutum ya ziyarta. Makarantu kaɗai aka ɗora wa sa ido a kan abin da ɗalibai ke yi, kuma su kaɗai gyaran 2008 ya wajabta wa koyar da ladubban sada zumunta da illar cin zarafi ta intanet.

Ma'aikatan ɗakunan karatu ba su karɓi dokar hannu bibbiyu ba. Ƙungiyarsu ta ƙasa, ALA, tana da kundin haƙƙoƙi tun 1939, wanda a 1967 aka ƙara masa cewa shekarun mutum ba za su zama hujjar tauye masa amfani da ɗakin karatu ba, kuma matsayinta shi ne iyaye ne ke da ikon iyakance wa ɗansu abin da zai karanta. Ƙorafinsu na biyu ya fi kusa da aikin yau da kullum. Manhajar tacewa rariya ce mai manyan ramuka a wani gefe da ƙanana a wani, tana barin wasu shafukan batsa su wuce tana kuma tare na lafiya da ilimi, sannan kamfanonin da ke sayar da ita suna ɓoye jerin abin da suka toshe a matsayin sirrin kasuwanci. Binciken Gidauniyar Kaiser na 2002 ya nuna cewa idan an sassauta manhajar tana tare kashi 87 na shafukan batsa da kashi 1.4 na shafukan lafiya, idan kuwa an ƙure ta, na batsa kashi 91 ne kawai, alhali na lafiya sun haura zuwa kashi 24.

Da irin wannan hujja ALA da ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU suka kai ƙara a 2001, kuma a watan Mayun 2002 alƙalai uku a Filadelfiya suka yanke cewa dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Kotun Ƙoli ta juya hukuncin a ranar 23 ga Yunin 2003 da rinjayen alƙalai 6 a kan 3. Abin da ya ceci dokar wani ɗan sashe ne da ya ba ma'aikaci damar kashe manhajar ga baligi domin bincike na gaskiya ko wata halattacciyar manufa, tare da bayanin lauyan gwamnati, Theodore Olson, cewa baligi ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Alƙali Kennedy da Alƙali Breyer, waɗanda da ƙuri'unsu aka samu rinjaye, a kan wannan suka dogara, har Kennedy ya bar ƙofa a buɗe ga duk wanda aka hana ya sake kai ƙara.

A ɗauka wata dattijuwa ce ta fito daga asibiti da takardar gwaji, ta zauna gaban kwamfuta tana neman bayani a kan sankarar mama, sai allon ya nuna mata an toshe shafin. Ba lallai ta san tana da damar neman a buɗe ba, idan ma ta sani sai ta taso ta ratsa mutane zuwa teburin ma'aikaci ta yi magana. Babban Alƙali Rehnquist ya ce kundin tsarin mulki bai yi wa kowa alkawarin neman ilimi a ɗakin karatu ba tare da jin kunya ba, amma wanda ya taɓa zama a bayan wannan tebur ya san mutane da yawa tashi kawai za su yi su tafi gida. Shi ya sa ALA take ba da shawarar a daidaita manhajar a mataki mafi sassauci, a sanar da jama'a cewa ana tacewa, a kuma kashe ta nan take ga baligin da ya nema ba tare da tambayarsa dalili ba.

Sai dai kalmar da dokar ta yi amfani da ita ta izini ce, wato ma'aikaci yana iya kashewa, kuma wasu hukumomin sun fake da wannan. Hukumar wasu ɗakunan karatu na karkara a jihar Washington ta ƙi kashe manhajar ɗungurungum ga manya, ta ce za ta riƙa duba buƙatar buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya. Kotun ƙolin jihar ta goyi bayanta a 2010, kotun tarayya ma ta yi hakan a 2012.