Kifin da ya tsayar da madatsar ruwa

A watan Disamba na 1973 Shugaba Nixon ya sa hannu kan dokar kare dabbobi da tsirran da ke dab da ƙarewa a Amurka. Da yawa kan ɗauka dokar hana farauta ce. Akwai wannan a ciki, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Manyan shari'o'in da ake yi a kanta, gwamnati ake makawa a kotu.

Sashe na 7 ne tushen rigimar. Duk hukumar tarayya da za ta gina hanya ko madatsa, ko ta ba da lasisin wani aiki, sai ta tuntuɓi hukumar kula da kifi da namun daji. Dole ta tabbatar aikin ba zai kai halittar da aka sa a jerin kariya ga ƙarewa ba, kuma ba zai lalata mazaunin da rayuwarta ta dogara da shi ba. Dokar ba ta ce a yi ƙoƙari ba, wajabtawa ta yi.

Wani kifi da ake kira snail darter, wanda bai fi tsawon ɗan yatsa ba, shi ya gwada ƙarfin wannan sashe. An kusa gama madatsar Tellico a jihar Tennessee, an kashe miliyoyin daloli, sai aka ce ruwan da za a tare zai shafe mazauninsa. A 1978 alƙalai shida cikin tara na Kotun Ƙoli suka ce a tsayar da aiki: majalisa ta riga ta yi zaɓi, ba hurumin kotu ba ne ta auna kifi da kuɗi. Majalisa ta kafa kwamitin da zai iya keɓe wani aiki daga dokar. Abin dariya, kwamitin ya ƙi keɓe Tellico. Sai a 1979 'yan majalisa suka cusa keɓewar cikin dokar kasafi, aka ƙarasa madatsar. Kifin kuwa an same shi a wasu koguna, har aka cire shi daga jerin a 2022.

Kowa na iya kai ƙara, bayan ya ba hukuma sanarwar kwana 60. Wata rigimar kuma kan kasance ta wa'adi: in aka nemi a sa wata halitta a jerin, ana son amsar farko cikin kwana 90, ta biyu cikin wata 12, hukuma kuma kan makara. A 2007 Kotun Ƙoli ta rage wa sashe na 7 kaifi: yana aiki ne inda hukuma ke da zaɓi, ban da inda wata doka ta tilasta mata.