Ba kowace mura ba ce ke buƙatar Amoxil

Iyaye mata, a Gombe dai da zarar hunturu ya shigo yaro ya fara majina sai a aika kemis a siyo Amoxil na ruwa, wai shi ke busar da mura. Wallahi ba haka bane. Yawancin mura ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, antibayotik irin Amoxil kuwa ƙwayar cutar bakteriya kaɗai yake kashewa, ba ruwansa da bairos. Murar kan tafi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, sai maganin ya kwashe yabon, alhali ƙila gudawa kawai ya jawo wa yaron kuma ƙwayoyin cuta suna ta sabawa da shi.

Amma in yaro na numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa na shiga ciki, wannan kam a yi asibiti, ana iya samun nimoniya.

In likita ya rubuta, da nauyin yaro ake auna shi, shi yasa na Yaya bai dace da ƙanwarsa ba. A zuba wa garin maganin tafasasshen ruwan da ya huce daidai layin kwalbar, a girgiza kafin kowane sha, a auna da sirinji ko murfin awon, cokalin shayi kowanne da girmansa. A cika kwanakin da aka ce ko da zazzaɓin ya sauka. Ragowar kuma zubarwa ake, in an haɗa shi da ruwa ba ya wuce sati biyu, wani ma sati ɗaya.